Yaya, Ba Zan Aiko Da Takardar Ba

Jidda, daren Juma'a

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Man shafawar da na ba alhazan unguwarmu su kai mata, in ya kusa ƙarewa a gaya mini da wuri, akwai masu Umra da za su koma bayan Mauludi. Yaya damina? Na ji an ce masara ta yi kyau bana duk da tsadar taki. Allah ya sa a cire lafiya, ya tsare ku daga sharrin mutanen daji. Ni nan lafiya lau, sai zafin Jidda, wanda ba rana ce ke dukan mutum ba, gumi ne, ka fito daga wanka ka rasa ko ka yi ko ba ka yi ba.

Saƙonka na murya ya shigo ranar Litinin, ina cikin mota a bakin wani kanti ina jiran matar maigida. Minti 11 ne. Na saurare shi sau huɗu. Da gangan na ƙi amsawa da murya, don murya tana ɗaukar zafi, kuma na san gidanmu, kafin gari ya waye an tura ta waya goma, kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta kai kaɗai tukuna, sannan ka karanta wa Inna. Akwai inda zan ce ka tsallake, don Allah ka tsallake.

Na fahimci abin da aka zauna aka yanke: in rubuto takardar maman yara, a kwashe kayanta a mai da ta gidan ubanta, yara su koma wurin Inna. Yaya, ka yi mini aikin gafara, ba zan rubuto ba. Tun da Baba ya rasu ban taɓa musa maka ba, kuma ban manta ba, kai ka karɓa mini auren nan, kai ka sayar da shanun huɗarka aka cika kuɗin bizata. Da cewa ka yi in aiko da albashin wata shida, da ban tambaye ka dalili ba. Amma wannan mutuncin 'yar mutane ne, igiyar kuma a hannuna take, ni za a tsayar a tambaya.

An ce an gan ta gab da asuba tana sauka daga babur ɗin namiji. Gaskiya ne, an gan ta. Ni ma ina wurin, sai dai da kunne. Daren da mai sunan Baba ya yi jijjiga ne. Ƙarfe uku na dare a nan, ɗaya ke nan a wurinku, wayata ta yi ƙara. Da ƙyar na gane muryarta. Cewa take idon yaro ya kafe, jikinsa kamar garwashi, bakinsa na kumfa. Na kira ka sau shida, wayarka a kashe, ban kuma ga laifinka ba, na san halin wutar garinmu. Na kira Auta, ba ta shiga. Ni da bakina na ce ta goya shi ta fita ta buga ƙofar maƙwabcinmu mai acaɓa, kada kuma ta kashe wayar. Ta cusa ta cikin hijabi. Ina zaune a bakin katifa a ɗan ɗakin nan nawa na bakin get, ina jin ƙarar babur, ina jin iska na kaɗa hijabin, ina jin tana ta jan Innalillahi, ina jin bawan Allahn nan yana ce mata ta tallafe kan yaron akwai rami a gaba. Sai da aka yi masa allura aka ɗaura ƙarin ruwa jikin ya saki. Mutumin ya zauna a kan bencin asibiti har aka sallame su, ya maido su gida, ta miƙa masa kuɗi ya ce ta bari.

Washegari kun je duba yaron, har Inna ta kai masa rubutu. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi ya isa asibiti da tsakar dare. Shi kuwa wanda ya leƙo ta taga, idonsa ya ga mace ya ga namiji, amma bai ga yaro a goye da filasta a hannu ba? Da gari ya waye bai shiga ya ce lafiya ba, sai ya kwashi ƙafa ya nufi gidan Gwaggo. An ce kuma mai acaɓan ya sake zuwa ƙofar gida sau biyu da rana. To, ya zo. Mutum ya ɗauki yaro rai a hannun Allah, ya dawo ya tsaya daga waje ya ce yaya mai jiki, shi ke nan ya zama kwarto?

Dariyar da ake jiyowa ta bayan katanga da dare, da ni ake yin ta. Jidda ta riga ku da awa biyu, mutanen nan kuma ba sa kwanciya da wuri, sai sha biyu nake ajiye mota, goma ke nan a gida, shi ne kaɗai lokacin da muke da shi. Lallen da sabuwar atamfar, ni na aika kuɗin, ni na ce a yi, ni na ce a turo mini hoto. Yaya, kai ma magidanci ne, kada ka sa in yi bayanin da zai hana mu haɗa ido. Ko so ake ta zauna wujiga-wujiga kamar mai takaba, alhali ina raye?

Gwaggo ta ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, amma wani sa'in bakin mai ɗanɗanon ne da tsami.

Kai ka zauna gaban Malam a zaure lokacin da ni nake tasha, don haka tuni kawai zan yi maka. Allah da ya haramta zina, ya kira ta alfasha kuma mummunar hanya, shi ne dai ya yi wa mutuncin mutum katangar da ta fi ta kowane laifi tsawo. Kisan kai ma shaidu biyu ke tabbatar da shi. Wannan kuwa sai huɗu, adilai, waɗanda suka ga abin ƙuru-ƙuru da idonsu, ba shiga ɗaki ba, balle hawa babur. In uku suka faɗa na huɗu ya yi inda-inda, ukun nan kowa bulala 80 zai sha, kuma an yi haka a zamanin Sayyidina Umar a kan maganar Mugira ɗan Shu'uba. Aya ta 4 ce a Suratun Nur, ta ƙara da cewa kada a sake karɓar shaidarsu. Ko ni mijinta, in na ce na gani ba ni da shaidu, sai na tsaya gaban alƙali na rantse sau huɗu, a na biyar in kira wa kaina la'anar Allah in ƙarya nake. To ni da ke ƙetaren teku, me na gani da zan rantse a kai?

Ka tuna 2002? Ina yaron mota a tashar Funtuwa lokacin da aka kawo shari'ar Amina Lawal, matar nan ta Kurami da kotun Bakori ta yanke wa jefewa. A watan Agusta babbar kotun shari'a ta garinmu ta tabbatar da hukuncin. Gari ya cika da 'yan jarida, ita kuma tana riƙe da 'yarta. Namijin da ta ambata tuni ya rantse ya kama gabansa. Sai a Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta sallame ta, kuma ba da dokar Bature ba, da littattafan Malikiyyarmu: cewa mai iƙirari yana da damar janyewa, da cewa cikin sakakkiya yana iya kwanciya har shekara biyar a jingina shi ga tsohon miji. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai tashar ce. Direbobin da suka fi kowa ɗaga murya a teburin mai shayi, suna cewa a jefe ta kowa ya huta, ni ke kwana a kan kaya ina gadin motocinsu a Tafa da Mararrabar Jos. Na san inda suke shiga in an yi fakin, na san ƙarfe nawa suke fitowa, har ni ake aika in sayo tsire in kai. Da yake yaro ne ni, sai na ɗauka haka Allah ya tsara: na namiji yawo ne, na mace abin kunya. Ko a danginmu ka san wanda ake wa dariya ana cewa ai wane idonsa a waje yake, namiji ne, Allah ya shirya, a wuce wurin. Ban taɓa jin an tara dangi a kansa ba. Alhali ayar bulala 100 ta kira macen ta kira namijin, ba ta rage masa ko guda ba, da aka zo umarnin runtse ido kuma, da maza aka fara.

Ban ce Gwaggo muguwa ce ba, Allah ya kiyashe ni, a bayanta na girma. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha ƙazafi, a hanyar dawowa daga yaƙin Banu Musɗaliƙ, da ta tsaya neman sarƙarta ayari ya tashi ya bar ta, Safwan ya same ta ya kawo ta a kan raƙuminsa, ba munafukai kaɗai suka yayata ba. Akwai Misɗahu, wanda ya halarci Badar, kuma Sayyidina Abubakar ne ke ciyar da shi. Akwai Hamna, da ta shiga maganar don taya 'yar'uwarta Zainab kishi, alhali ita Zainab ɗin da aka tambaye ta cewa ta yi alheri kaɗai ta sani. Mutanen kirki ne, harshe ya ja su. Wata guda Madina na tafasa kafin ayoyi su sauka. Ban haɗa maman yara da Uwar Muminai ba, ina ita ina wannan matsayi. Ciwon bakin nake nuna maka, iri ɗaya ne, don can ma duk abin da ido ya gani shi ne mace a kan abin hawan wani namiji. Abu Ayyub ya tambayi matarsa, ke za ki aikata haka? Ta ce a'a wallahi. Ya ce to A'isha ta fi ki. Da a zaman da kuka yi an sami mace ɗaya ta auna abin a kanta, da ba a kai ga kirana ba.

Daga nan ka tsallake in kana karanta wa Inna.

Malamai sun hana mutum tona wa kansa asiri, na kuma kwana uku ina juya ko in faɗa ko in bari. Zan faɗa ne don ka san irin wanda kuke so ya zama alƙali.

Da na sauka a watan Maris na 2022, na tarar ana cikin rusau. Unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki, su Sabil da Gulail da Karantina, an baje su, kowa ya watse. Samun tuwo ya zama aiki. Sai wani direba ya kai ni wurin wata mata 'yar wajen Damagaram, mai dafa abinci a ɗakinta ranar Juma'a, tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, wani lokaci dambu. Umra ta zo ta zauna, shekara bakwai ba takarda. Mijinta na can gida da 'ya'ya huɗu, da guminta ake ci.

Ba da wani abu aka fara ba. Ta ce na rame, ta ƙara mini tsoka ɗaya. Na ce bari in riƙa ɗauko mata buhun shinkafa daga Bab Makka tun da ga mota, motar da ba tawa ba, man da ba ni na saya ba. Sai lambar waya, don ta gaya mini ranar da shinkafa ta ƙare. Sai gaisuwar safe. Sai ya zamana in na gama waya da maman yara na ce mata barci zan yi, sai in buɗe ɗaya hirar. Wata shida ana haka, kuma da ka tare ni a lokacin, da na dafa Alƙur'ani na ce taimakon 'yar'uwa Musulma nake yi. A nan na gane abin da ya sa ayar ba ta tsaya a kan kada ku yi ba, cewa ta yi kada ku kusanta. Duk wannan lokacin fa ina sahun gaba a masallacin unguwa, ina leƙa Harami kusan kowane wata, tun da tafiyar awa ɗaya ce. Masu ganin wanda ke kusa da Ka'aba ya tsira ba su zauna nan ba.

Bara war haka mutanen gidan suka tafi hutu Masar, suka bar ni da gida da mota. Bayan Isha na je na ɗauke ta, wai za mu sayo kayan miya. Ranar ce ta fara buɗe ƙofar gaba ta zauna, da can baya take shiga. Ban ce komai ba. Maimakon kasuwa sai na miƙe bakin teku, na yi fakin inda ake hango ruwan nan mai tsiri sama da aka sa wa sunan Sarki Fahad. Ta sa wani turare da ban taɓa jin ta da shi ba. Makullin ɗakina na aljihu, gida ba kowa, ni da ita kowa ya san abin da ya rage.

Sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗora yatsa a leɓe, ta ɗauka. Gilas a rufe, motar shiru, ina jin komai. Muryar wani magidanci ce, a hankali yake magana, irin ta wanda ya wuni a gona. Ya ce kin ci abinci? Ya ce kuɗin sun iso, an auno gero. Ya ce akuyar nan taki ta haihu, biyu ta haifa, ƙaramar yarinya ta hana kowa taɓa su, wai sai kin dawo. A bayan muryarsa ina jin ladan na kiran Magariba, don can yanzu rana ta faɗi, ina jin yara na guje-guje, an bugo ƙyauren langa-langa. Ita kuwa ta ce masa tana wurin aiki, matar gidan ba ta sallame ta ba tukuna. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Yaya, sanyin mota na busowa amma rigata ta jiƙe sharkaf. Ba tsoron 'yan sanda ba ne, kuma in gaya maka gaskiya, a wannan minti ba ma tsoron wuta ne ya fara zo mini ba. Muryarta ce. Na san ta, da irinta nake ce wa maman yara barci zan yi. Mutumin nan ma na san shi ko da ban taɓa ganinsa ba, yana tsaye a tsakar gida da waya a kunne yana murna an ɗauka. Ya ce Allah ya yi miki albarka, Allah ya dawo mana da ke lafiya. Ta ce amin. Ni ma bakina ya motsa, ban san na faɗa ba.

Na tayar da mota na mai da ta ƙofar gidansu, ba wanda ya ce uffan. Da za ta fita ta ɗan tsaya kamar mai magana, sai ta gyara mayafi ta shige. A daren na goge lambar. Shekara guda ke nan rabona da tuwon kirki, ful da tamis nake ci da shinkafar Larabawa. Kada ka zage ta a ranka. Ba 'yar iska ba ce, mace ce da ta shekara bakwai tana kwana ita kaɗai tana ciyar da gida, kuma ni na je ƙofarta da mota, ba ita ta zo tawa ba. Ba ƙarfina ne ya fisshe ni ba, Allah ne ya tsare, ya yi sanadi da wani bawansa da akuya.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Bayan wannan daren ne na fara zargin matata, ba kafinsa ba. Shekara biyu da rabi ban taɓa kawo komai a raina ba, sai ga ni ina kira da tsakar rana ba dalili, ina cewa ta juya kyamara in ga ɗakin, wai ina so in ga labule. In ta yi jinkirin ɗauka sai zuciyata ta hau zana abubuwa. Har wata rana ta ce, baban yara, na yi maka wani laifi ne? Na ce a'a. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Saboda haka da saƙonka ya zo, bai tarar da ni waliyyi ba. Daren Litinin na juya bayan wani rasit na rubuta sunanta da kalma ɗaya, na zauna ina kallonsa har aka kira assalatu. Sai na tambayi kaina, wannan fushin na abin da ta yi ne, ko na abin da na san ni zan iya? Na yayyaga shi.

Na ga inda irin wannan ke kai mutum. Akwai wani da muke cin abinci tare a wancan ɗakin, ya yi abin da suke kira aure a nan, an kira wani malami an ɗaura a ɗaki, ba waliyyi, ba wanda ya sani a gida, har 'ya'ya biyu. Shi ne aka bugo masa daga ƙauye cewa an ga matarsa ta tsaya da wani a bakin rijiya, a gabanmu ya sake ta ta waya, saki uku, yana cika baki shi ba ya ɗaukar raini. Ba a yi wata huɗu ba aka kama shi, aka kai shi tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, a Shumaisi, aka ɗora shi a jirgi. Ta can an kore ta, ta nan an bar ta da yara biyu marasa takarda, ba makaranta, asibiti sai a ɓoye. Yanzu an ce yana gida ana kiransa Alhaji.

Daga nan ka ci gaba da karanta wa Inna.

Inna, in akwai wanda ya danne haƙƙin aure a tsakaninmu, ɗanki ne. Sayyidina Umar yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata a ɗakinta tana waƙar kewar mijinta da ke wurin yaƙi, tana cewa ba don tsoron Allah ba da gadon nan ya motsa. Bai aika a kamo ta ba, bai tara danginta ba. Wurin 'yarsa Nana Hafsa ya tafi ya tambaye ta, wata nawa mace ke iya haƙurin rashin miji? Wata ruwaya ta ce huɗu, wata ta ce shida. Sai ya hana a riƙe mayaƙi fiye da haka. Waɗannan jihadi suka fita. Ni riyal na fito nema, yau wata 41.

Kwantiragina shekara biyu ne, dokarsu ma ta ba ni hutun wata guda in na cika. Da ya cika a Maris na 2024, maigida ya ce in zaɓa, tikiti ko kuɗinsa. A lokacin naira ta faɗi warwas, riyal ɗin da na tarar bai kai naira 200 ba ya kai wajen 400. Kowa a gida ya ce in ƙara haƙuri a rufa ginin, a yi wa Auta aure. Yaya, kai ma ka ce, ni ma zuciyata abin da take so ke nan. Mutum ɗaya ne ba a tambaya ba. Da na gaya mata na sake sa hannu, ta yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Tana da shekara 27 na tafi. A mazhabarmu matar da mijinta ya shekara ba ya nan, in zaman ya cutar da ita, tana iya zuwa gaban alƙali ko da ana aiko mata da ci da sha, alƙali ya rubuta wa mijin: ko ka dawo, ko ka ɗauke ta, ko ka sake ta. Ita ke da ikon kai ni ƙara tun shekara biyu da suka wuce. Ba ta kai ba. Ta zauna a gidan da ba a gama shafe ba, a bakin gari, tana ɗebo ruwa tana kai yara Islamiyya, sakayyarta ita ce a ƙwace mata waya a gaban 'ya'yanta.

Na riga na yi wa maigida magana. Direban gida ba ya fita ƙasar nan sai maigidansa ya buga masa izini a manhajar gwamnati ta Absher, shi kuma ya ce makarantu za su buɗe, ba mai kai yara, in jira hutun tsakiyar shekara. In ya cika alkawari, to. In bai cika ba, iƙamata, wato takardar izinin zamana, za ta ƙare a Maris, ba zan sabunta ba, fita ta ƙarshe zan karɓa. In Allah ya kai rai, ƙaramar Salla a gida zan yi ta. Na san kuɗin da ake gani duk wata zai tsaya, na san ginin zai jima bai ga fenti ba, gara ku sani tun yanzu kowa ya fara shiri. Hannuna bai manta tuƙin babbar mota ba.

Kafin nan ga abin da nake roƙo. A mayar mata da wayarta yau, ba gobe ba, kwana huɗu ban ji muryar yarana ba. Yaya, ka sa babbar rigarka ka je wurin mahaifinta da kanka, don na san maganar ta isa kunnensa, dattijon nan kuma kunya ce ta hana shi kirana. Ka ce masa daga gidanmu ba wata takarda, ba kuma wata magana. Gwaggo ba zan ce ta ba da haƙuri ba, babba ce, amma Inna ta san yadda za ta yi da ita, ni ma zan kira ta in gaishe ta in na huce. Wanda ya leƙo ta taga ba na son jin sunansa, kada ma a faɗa mini, zan dawo mu riƙa haɗuwa a masallaci.

Cikin kuɗin da na turo jiya, ka ware naira 30,000 ka kai wa mai acaɓan nan, ka shiga har zaurensa da rana tsaka, mutane na gani, ka ce in ji ni. Shi ma yana da mata, ita ma ta ji abin da ake faɗa. In ya ƙi karɓa ka cika masa tanki ka sayi buhun masara a kai gidansa. Sauran a sayi kwano bandir ɗaya a rufe ɗakin baya, sannan 'yar wajenka ta biyu ta koma can da kwana, ba don gadi ba, don in dare ya sake yi da ciwo a sami mai riƙe ƙaramin.

A auna mini ƙafar yaran da zare, a ɗora a kan ma'auni a turo hoto. Takalman da na aika da alhazai an ce na mai sunan Inna bai shige ta ba, ashe har yanzu ƙafar da na bari nake saya wa.

A gaida Inna da kyau, a ce ta sa ni a addu'a. A gaida Yaya babba da yaranta, da Auta da amaryarsa, da Malam liman.

Wassalam,
ƙaninka.